Sigina a gaban direba da birkin da ke kama kansa: wa za a tuhuma idan jirgin ƙasa ya zarce gudu?

Dalibin_Injiniya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana su warware mini shi. Na bi labarin haɗurra uku da suka auku a ƙasashe uku masu nisa da juna, sai na ga kamar labari ɗaya ake maimaitawa. A Japan, ranar 25 ga Afrilun 2005, jirgin fasinja ya shiga wata kwana a Amagasaki da gudun kilomita 116 a awa, alhali iyakar wurin 70 ce, ya goce daga layi ya daki wani bene da mutane ke zaune a ciki, rayuka 107 suka salwanta. A Sifen, ranar 24 ga Yulin 2013, dab da Santiago de Compostela, jirgi ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa 80 da gudun 179, mutum 80 suka rasu. A Amurka kuma, a birnin Filadelfiya, cikin Mayun 2015, jirgi ya shiga kwanar 80 da gudun kusan 170, mutum 8 suka mutu. A dukkan ukun ba birki ne ya lalace ba, ba kuma layin ne ya karye ba. Hankalin direba ne ya ɗauke na ɗan lokaci. Tun a wancan lokacin kuwa akwai na'urorin da za su iya kama birki da kansu kafin a kai kwanar. Don haka ni a ganina, duk layin da ke ɗaukar fasinja ba tare da na'urar tilasta gudu ba, idan aka yi haɗari, laifin na waɗanda suka tsara layin ne, ba na direba ba. Idan na yi kuskure a gyara mini.

Injiniya_Sigina:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga rabon laifi, ya kamata mu raba abubuwa uku da mutane kan cuɗanya. Na farko shi ne siginar gefen layi, wato fitilun ja da ruwan ɗorawa da kore da direba yake hangowa ta gilashi. Na biyu shi ne siginar cikin ɗakin direba, inda bayanin da ke kan fitilun yake bayyana a wani allo a gabansa, ko da hazo ya rufe hanya. Na uku shi ne tilasta gudu, inda na'urar ba ta tsayawa ga nunawa kawai, tana kwatanta gudun jirgi da gudun da aka halatta, idan direba bai rage ba ta kama birki da kanta. Ana iya samun na biyu ba tare da na uku ba, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa.

Asalin aikin yana kan ƙarafan layin ne. Ana yanka layi zuwa sassa, a saki wutar lantarki marar ƙarfi a cikin ƙarafan biyu na kowane sashe. Da zarar ƙafafun jirgi sun hau, sai su haɗe ƙarafan, wutar ta kasa isa na'urar da ke ƙarshen sashen, siginar baya ta koma ja. Tun 1872 aka ƙirƙiro wannan dabara a Amurka. Kyawunta shi ne, idan waya ta tsinke ko ƙarfen layi ya karye, sakamakon ɗaya ne: ja. Daga baya, a shekarun 1920, kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya fara sa wutar tana bugawa kamar bugun zuciya, sau 180 ko 120 ko 75 a minti ɗaya, kowane adadi da ma'anarsa, wata na'ura a ƙasan kan jirgi tana karanta bugun tana nuna wa direba. Idan babu bugu gaba ɗaya, ma'anarsa a yi tafiyar taka-tsantsan mafi ƙaranci. Na'urorin zamani kuma suna lissafa nisan da ya rage, da gangarar hanya, da ƙarfin birkin jirgin, su fitar da gudun da bai kamata a wuce ba a kowace mita kafin wurin tsayawa.

Tsohon_Direba:
Ɗana mai tambaya, na gode da ka tausaya mana, amma ban yarda a wanke direba tas ba. Na yi shekaru masu yawa ina jan jirgi, kuma abin da aka fara koya mana shi ne sanin hanya. Kafin a ba ka layi sai ka haddace kowace kwana, kowace gada, kowace gangara, har ka san a kusa da wace alama za ka fara jan birki ko da cikin duhu ne. Wanda ya karɓi ragamar ɗaruruwan rayuka ya ɗauki amana, kuma ba ya halatta ya ce ai da akwai na'ura da ba a yi haka ba. Sai dai zan faɗa muku wani abu da ban cika faɗa ba. Wata asuba, bayan na kwana ina tuƙi, na wuce sigina, na kuma danna maɓallin amsa gargaɗi, amma da na yi 'yar tafiya sai na tambayi kaina launin da na gani, na rasa amsa. Hannuna ya yi aikinsa, hankalina bai halarta ba. Na ja birki nan take, gumi yana zubo mini duk da sanyin da ake yi. Da na hango sigina ta gaba ja ce. Allah ne kawai ya kiyaye.

Malama_Mai_Bincike:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka ba da labari shi ne ainihin matsalar da masu bincike suka daɗe suna nunawa. A Ingila akwai tsarin gargaɗi mai suna AWS, wanda aka yaɗa bayan haɗarin Harrow na 1952 da ya ci rayuka 112. Idan jirgi ya doshi siginar da ba kore ba, ƙaho yana kaɗawa, direba ya danna maɓalli, in bai danna ba birki ya kama. Illarsa ita ce ƙarar ɗaya ce ko ruwan ɗorawa ne a gaba ko ja, kuma da an danna maɓallin na'urar ta sakar wa direba komai. A layin da jirage ke bin juna kusa da kusa, mutum zai danna sau da yawa a awa ɗaya, har dannawar ta zama kamar ƙiftawar ido. A Ladbroke Grove, a cikin Landan, ranar 5 ga Oktoban 1999, direban da bai cika mako biyu da fara tuƙi shi kaɗai ba ya wuce jar sigina mai lamba SN109, aka yi taho-mu-gama, mutum 31 suka rasu. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, kafin ranar an riga an wuce wannan siginar tana ja har sau takwas cikin shekaru shida. Idan direbobi daban-daban suna tuntuɓe a wuri guda, to wurin ma yana da abin faɗa. Bayan haka ne aka gaggauta girka TPWS, wanda yake auna gudun jirgi kafin sigina ya kama birki ba tare da neman izinin kowa ba, aka kammala a ƙarshen 2003.

Fasinja_Kullum:
Ina da tambaya ta marar sani. Me ya sa ake cewa jirage masu tsananin gudu ba su da fitilu a gefen layi? Ashe ba su ne suka fi bukatarsu ba?

Injiniya_Sigina:
Lissafi ne ya hana, ɗan'uwa. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana cin mita 83 a kowace daƙiƙa, kuma yana bukatar sama da kilomita uku kafin ya tsaya cak. Idon mutum ba zai iya tantance fitila a irin wannan gudun ta yadda za a dogara da shi ba. Shi ya sa Shinkansen na Japan tun buɗe shi a 1964 ya zo da sigina a cikin ɗakin direba haɗe da birki mai kama kansa, haka ma layin TGV na Faransa tsakanin Paris da Liyon a 1981. A layukan Faransa abin da ke gefen hanya shi ne allo mai launin shuɗi da alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa, yana nuna iyakar sashe kawai. A Jamus ma doka ba ta barin jirgi ya wuce 160 sai da tsarin da ke magana da shi a kowane lokaci, wato LZB ko ETCS.

Mai_Nazarin_Dogo:
Tun da an ambaci Jamus, ina so a lura cewa ba sai da kwamfuta mai tsada ake tilasta gudu ba. Tsarinsu na PZB ya samo asali tun shekarun 1930, kuma har yau yana aiki. Maganaɗisu ne ake ɗaurawa a gefen ƙarfen layi, iri uku. Na farko yana wurin siginar gargaɗi: idan tana nuna a shirya tsayawa, dole direba ya danna maɓalli cikin daƙiƙa huɗu, sannan jirgin fasinja mai sauri ya sauko ƙasa da kilomita 85 cikin daƙiƙa 23, in ba haka ba birki ya kama. Na biyu yana kimanin mita 250 kafin babbar sigina, yana sake duba gudun. Na uku yana gindin siginar, duk wanda ya wuce ta tana ja zai tsaya ko yana so ko ba ya so. Bambancinsa da AWS ɗin da Malama ta bayyana shi ne, danna maɓalli ba ya isa, sai na'urar ta ga gudu ya ragu da gaske.

Mai_Shakka:
Ina jin ku, amma kuna magana kamar na'ura ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Layin Bad Aibling a Jamus yana da wannan PZB ɗin da ake yabo, amma a Fabrairun 2016 jirage biyu suka yi karo gaba da gaba a layi guda, mutum 12 suka mutu. A Wenzhou ta ƙasar Sin, a Yulin 2011, layin zamani ne mai sigina a cikin ɗakin direba, duk da haka jirgi ya afka wa na gabansa ta baya, mutum 40 suka rasu. A Southall ta Ingila a 1997, jirgin yana ɗauke da na'urori har biyu, ya wuce ja, mutum 7 suka mutu. To ina kariyar take? Ni tsorona shi ne a cika ɗakin direba da alluna har ya daina kallon hanya, ranar da na'urar ta yi ƙarya kuma babu mai kama ta.

Malama_Mai_Bincike:
Malam Mai_Shakka, misalanka na gaskiya ne, amma a duba kowanne da kyau. A Southall na'urar gargaɗin ta lalace an kashe ta, ɗaya na'urar mai tilasta gudu kuma ba a kunna ta ba domin ba a horar da direban a kanta yadda ya kamata ba, aka bar jirgin ya fita haka. A Bad Aibling siginar ta yi aikinta, ta ƙi ba da kore, sai jami'in da ke kula da zirga-zirga, wanda bincike ya nuna hankalinsa yana kan wasa a wayarsa, ya ɗauka matsala ce ta na'ura, ya ba da alamar musamman da ke halatta wuce ja. Wenzhou ce kaɗai a cikin ukun inda na'urar da kanta ta yi ƙarya: tsawa ta lalata wani ɓangare, kuskuren ƙira kuma ya sa aka nuna sashen babu kowa alhali akwai jirgi a ciki, wato an karya ƙa'idar da Injiniya ya fara da ita, cewa lalacewa ta kai ga ja. Abin da nake gani shi ne haɗari yana taruwa ne a lokacin da aka fita daga hannun na'ura aka koma hannun mutum.

Injiniya_Sigina:
Wannan magana ta Malama ita ce ta dawo da mu kan haɗurran da ɗalibinmu ya kawo. A Santiago, layin yana da ETCS, amma shimfiɗarsa ta ƙare 'yan kilomitoci kafin kwanar, kuma an kashe na'urar da ke cikin irin wannan jirgin tun 2012 saboda matsalolin da take bayarwa. Tsohon tsarin da ya rage, ASFA, yana lura da sigina ne, kuma siginar kore ce domin babu jirgi a gaba. Saukowa daga 200 zuwa 80 ya rataya kacokan a kan tunanin mutum ɗaya, a hanyar da ramukan ƙarƙashin dutse da gadoji suke bin juna suna kama da juna, sai kuma ga kiran waya daga ma'aikacin jirgin a daidai lokacin. Na Filadelfiya ya fi ba ni takaici. Jiragen da ke tafiya kudu a wannan kwanar, tuni siginar cikin ɗaki tana tilasta musu rage gudu. Na arewa ba a sa musu ba, domin an yi lissafin cewa iyakar gudunsu kafin kwanar kusan 130 ce, wadda ba ta isa ta kifar da jirgi ba. Ba a kawo cewa direba zai iya ɗauka ya riga ya wuce kwanar ya ƙara wuta ba. Bayan haɗarin, ba a cika mako guda ba aka gyara ɓangaren arewan.

Hajiya_Ma'aji:
Ni aikina lissafin kuɗi ne, don haka ku yi haƙuri in kawo abin da ba a son ji. Bayan haɗarin Chatsworth a Kalifoniya a 2008, inda direba yana aika saƙon waya ya wuce ja, mutum 25 suka rasu, majalisar Amurka ta wajabta girka tsarin tilasta gudu mai suna PTC zuwa ƙarshen 2015. Aka ɗaga zuwa 2018, aka sake ba da dama zuwa 2020, sai a Disambar 2020 aka kammala a kan layi mai tsawon kusan mil 57,500, bayan an kashe biliyoyin daloli. Ƙasa mai arziki ke nan ta shafe shekaru 12. A ƙasashe da yawa kuma, waɗanda ke mutuwa a mahaɗar titin mota da layin dogo, da masu tafiya a kan layi, sun ninka waɗanda ke mutuwa a karon jirage. Wanda kuɗinsa ba su da yawa dole ya tambayi kansa inda za su fi ceton rai. Ba ina cewa kada a girka ba ne, ina cewa hukuncin da ɗalibinmu ya yanke ya yi tsauri.

Dan_Gyaran_Layi:
Hajiya ta taɓo kuɗin saye, ni zan ƙara da na kulawa. Na taɓa aiki a wani layi da aka girka wa na'urori masu kyau, amma bayan 'yan shekaru kayan canji suka yanke. Akwai sashen da duk lokacin da aka yi ruwan sama yake nuna akwai jirgi alhali babu, saboda ruwa yana kwanciya tsakanin ƙarafan yana janye wutar. Na sha fita da tocila tsakar dare, ruwa har idon sawu, ina bin waya ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya yi yawa, sai ba da izinin wuce ja ta rediyo ya zama aikin kullum, har sababbin direbobi suka ɗauka haka tsarin yake. Ranar da jan ya zama na gaskiya, babu abin da zai bambanta shi da na jiya. Na kai rahoto sau da dama kafin a gyara magudanar ruwan, wadda kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da na na'urorin.

Fasinja_Kullum:
Na ji an ce Indiya ta ƙera nata tsarin mai suna Kavach. Ina ganin da an girka shi a Balasore da ba a yi asarar rayuka a haɗarin jirgin da ya auku can a 2023 ba.

Mai_Nazarin_Dogo:
A nan akwai gyara, ɗan'uwa. A Balasore, ranar 2 ga Yunin 2023, direban bai wuce ja ba, bai kuma zarce gudu ba. An ba shi kore don ya bi babban layi, amma mahaɗar da ke sauya hanya tana fuskantar layin gefe inda jirgin kaya yake tsaye, sakamakon kuskuren haɗa wayoyi a wajen gyara. Sama da mutum 290 suka rasu. Na'urar tilasta gudu tana gaskata abin da tsarin sigina ya faɗa mata ne. Idan tushen ya ce hanya a buɗe take, ita ma haka za ta ce.

Tsohon_Direba:
Ina so in koma kan yaron nan na Amagasaki, domin shekarunsa 23 ne kacal, kuma na san abin da ke cikin ransa. Ya zarce wurin tsayawa a tashar Itami, ya ja baya, ya makara da abin da bai kai minti biyu ba. A kamfaninsu a lokacin, mai irin wannan kuskure ana cire shi daga tuƙi a sa shi rubuce-rubucen neman afuwa da ayyukan ƙasƙanci na kwanaki, kuma an taɓa yi masa. Bincike ya nuna hankalinsa ya tafi ga sauraron abin da kwandasta yake faɗa wa ofis a rediyo game da shi. Wanda ake tsoratarwa a kan daƙiƙoƙi zai ɓoye kuskurensa, ni ma ban kai rahoton abin da ya same ni da asubar nan ba sai bayan shekaru. Mai_Shakka yana tsoron na'ura za ta sa direba sakaci. Ni da na yi aiki da ita a ƙarshen shekaruna ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne, idan ta kama maka birki sau ɗaya a gaban fasinjoji, kunya kaɗai ta isa ta sa ka riƙa riga ta.

Mai_Shakka:
Baba, na karɓi shaidarku domin ku kuka zauna a kujerar. Amma har yanzu ba a amsa mini ba: direban da ya yi shekara goma allo yana faɗa masa gudun da zai yi, ranar da allon ya mutu a tsakiyar hanya, shin sanin hanyar nan da kuka haddace yana nan a kansa?

Dalibin_Injiniya:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na janye kalmar "duk" da na yi amfani da ita, saboda hujjar Hajiya da ta Baba. Amma ban janye asalin maganar ba a inda ake saukowa daga babban gudu zuwa ƙarami a kwana mai kaifi. A Amagasaki an girka na'urar kafin a sake buɗe layin, a Santiago an sa na'urorin duba gudu a kwanar bayan haɗarin, a Filadelfiya cikin kwanaki aka gama. Abin da aka iya yi cikin kwanaki bayan mutuwa, ba tsada ce ta hana yin sa kafin ta ba. Injiniya, akwai ƙa'idar da ake bi wajen zaɓar kwanar da za a fara karewa?

Injiniya_Sigina:
Akwai, kuma ba ta da wuyar fahimta. Ana duba gudun da jirgi zai iya isowa da shi idan direba bai taɓa birki ba sam, ba gudun da littafi ya ce ya iso da shi ba, a kwatanta da gudun da zai kifar da shi a wannan kwanar. Inda na farko ya kai na biyu, wurin yana bukatar kariya ko da kuwa ba a taɓa yin haɗari a can ba. Game da tambayar Mai_Shakka, yawancin tsare-tsare suna rage gudu sosai idan allo ya mutu, wasu kamfanoni kuma suna sa direbobi atisayen irin wannan yanayi a na'urar koyon tuƙi. Ko hakan yana maye gurbin haddar da Baba ya yi, wannan sai direbobin da ke cikinmu su faɗa.

Tsohon_Direba:
Ba ya maye gurbinta, Injiniya. A na'urar koyo ka san yau za a kashe maka allo, kana zaune kana jira. A kan hanya kuwa yana mutuwa ne da ƙarfe uku na dare, kana gangara da tarago cike, ruwa yana dukan gilashi. Lokacin da nake horar da matasa, nakan sa su faɗa mini da baki kwanar da ke tafe da iyakar gudunta kafin allon ya nuna, kuma wanda ya kasa sau biyu a jere mukan sake bin layin tare daga farko.